Filin Masu Mota: Ina Ya Kamata Allurar Zafi Ta Tsaya?

Wasiƙun wannan karon sun taru a kan zafin ruwan inji a tsofaffin motocin daji, irin waɗanda har yau suke jigila tsakanin Kumasi da arewa. Makanikan da ke amsa wannan fili sun zaɓi bakwai. Duk inda muka ce digiri ba mu ƙara komai ba, ma'aunin Selshiyas muke nufi.

Assalamu alaikum. Ina da Land Cruiser 80 ƙirar 1995, injin dizal 1HZ. Na sa an ɗaura mini agogon zafi mai nuna lamba a tiyon sama, wanda ke kai ruwan zafi daga inji zuwa lagireto. A shimfiɗaɗɗiyar hanya yana nuna 83 zuwa 86, amma in na cika ta da kaya zan tafi Ejura, a hawan Mampong yakan kai 94. Allurar dashbod kuwa ko motsi ba ta yi. Wane ne ke yi mini ƙarya? Daga wani Alhaji a Aboabo.

Wa alaikumus salam, Alhaji. Lambobin da ka kawo lafiyayyu ne ga wannan inji, kuma agogo mai lamba shi za ka riƙe.

Tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi, a 1HZ na asali yana fara buɗewa tsakanin digiri 74 da 78, yana gama buɗewa a 90. Ba a bakin tiyon sama yake ba, yana ƙasa, inda ruwan da ya huce a lagireto yake komawa cikin inji. Sansarka kuwa, wato abin da ke jin zafi ya aika wa agogo, tana sama, inda ruwa ke fitowa bayan ya zagaye silinda shida ya kwaso zafin kan inji. Dole lambarka ta ɗara ta tamostat da 'yan digirori. A wurinmu, 80 zuwa 88 a tafiya ta yau da kullum daidai ne. Mota cike da kaya a kan hawa mai tsawo da rana tsaka, 90 zuwa 95 ba abin tsoro ba ne, da sharaɗi guda: in ka gama hawan, lambar ta sauko inda take a cikin 'yan mintuna. Daga 95 zuwa 100 ka sassauta totur, ka kashe AC, in kuma abin ya zama na kullum ka kai ta a duba. Da ta haye 100 tana ci gaba da hawa, nemi gefen hanya. Kada ka jira 110.

Allurar dashbod ba lalacewa ta yi ba. Motoci da yawa na shekarun 1990 an ƙera agogonsu ne yadda allura za ta tsaya a tsakiya tun daga wajen digiri 80 har ta kusa ko ta ɗan wuce 100, don kada direba ya riƙa firgita da hawa da saukar da inji ke yi a aikinsa. Illar hakan ita ce, kamar maigadi mai nauyin barci take, sai ɓarawo ya shiga ɗaka take ihu. Lokacin da za ka ga ta ɗaga daga tsakiya, ruwa ya riga ya yi nisa, kuma daga nan zuwa ja ba ta ɗaukar lokaci.

Wasu suna jin 94 sai su ce saura shida ruwa ya tafasa. A buɗaɗɗiyar tukunya ne ruwa ke tafasa a 100. A cikin inji murfin lagireto yana riƙe matsi. Murfi mai lamba 0.9, wato bar 0.9 a ma'aunin matsi, yana ɗaga tafasar ruwa zalla zuwa wajen 118, in kuma rabin abin da ke ciki kulant ne, wato ruwan magani da ake gaurayawa da ruwan lagireto, ya kai wajen 125. To me ya sa muke cewa a tsaya tun kafin nan? Saboda sansa tana auna ruwan da ya gauraya ne a bakin fita. A cikin kan inji, kusa da bawul ɗin hayaƙi, akwai lungunan da suka fi haka zafi sosai, kuma can ruwa ke fara zama tururi. Tururi ba ya ɗauke zafi daga ƙarfe, sai wurin ya gasu, daga nan tsagewa ke farawa. Sannan duk wannan lissafi ya dogara da murfi mai lafiya. In robarsa ta mutu, ka koma kusa da 100.

Ka tabbatar da agogon naka kafin ka dogara da shi. Nemi bindigar auna zafi irin ta makanikai, ba ta goshi da aka riƙa amfani da ita lokacin korona ba, waccan don zafin jikin mutum aka yi ta. Inji na zafi, ka auna bututun ƙarfen da tiyon sama ke shiga, ka matso da bindigar kusa. Ƙarfe mai sheƙi yana sa ta nuna ƙasa da gaskiya, don haka manna baƙin tef a wurin ka auna a kansa. In bambancinsu da agogonka bai wuce digiri 2 ko 3 ba, agogon na da kyau.

Amfanin agogo mai lamba ya fi fitowa in ka san lambobin motarka. Yau hawan Mampong 94. In baɗi warhaka, kaya iri ɗaya, yanayi iri ɗaya, ya zama 99, to lagireto ya fara toshewa ko kulocin fanka, wato abin da ke sa fanka ta kama in inji ya yi zafi, ya fara gajiya, alhali allurar dashbod na nan inda take.

Sai maganar giya. Direbobi da yawa suna hawa da giya ta huɗu, inji na gurnani a juyi 1,500 a minti, ƙafa ta danne totur, baƙin hayaƙi na fita. Wannan hayaƙi man da bai ƙone sosai ba ne, kuma zafi ne ake tura wa kan inji a lokacin da famfon ruwa da fanka suke juyawa a hankali, tunda bel ɗin inji ne ke juya su. Sauko giya ta uku, ka bar injin tsakanin 2,200 da 2,600, ka ɗan ɗaga ƙafa har hayaƙin ya washe. Za ka ga lambar ta ragu da kanta. Haka ma cikin yashi ko taɓo: shiga ƙaramar giyar daji da wuri ya fi jan mota da ƙarfin tsiya.

Masta, barka da aiki. Na sayi Jeep Cherokee ta 1999 da aka shigo da ita daga Amurka. Allurarta kullum tana kan 210. Abokaina sun ce in sayar kafin ta ƙone. Daga wani matashi a Asawase.

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Wannan agogo da ma'aunin Farenhait yake ƙirga. 210 a can digiri 99 ne a namu, kuma nan ne tsakiyar agogon wannan mota. Injinta mai lita 4.0 yana ɗauke da tamostat na 195, wato kusan 91, da murfi mai lamba 16, wato kusan bar 1.1. An gina shi ne ya yi aiki da zafi fiye da dizal ɗin Japan da abokanka suka saba gani. In kana son juya lamba, cire 32, ka ninka da biyar, ka raba da tara: 180 ya zama 82, 220 ya zama 104, 230 ya zama 110. Tsayawa a 210 ko ɗan sama da shi cikin cunkoso ba laifi. Wuce 220 a kan buɗaɗɗiyar hanya, ko kusantar 230 a ko'ina, shi ne abin bincike. Motar tana da fankar wuta a gefen ta inji, ka tabbatar tana tashi in an kunna AC. Kuma tunda ƙirar bayan 1996 ce ta kasuwar Amurka, tana da soket ɗin kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari, duk mai na'urar karanta inji zai nuna maka ainihin lambar da kwamfutar ke gani.

Ina da Prado mai injin 1KZ. Wani makanike ya cire mini tamostat, ya ce na ƙasashen sanyi ne, Ghana ba ta bukatarsa. Yanzu in na tashi da asuba allura ba ta hawa har in kai Techiman, amma da rana a kan hawa tana wuce inda take tsayawa a da. Daga wani malamin makaranta a Tafo.

Malam, a mayar da shi a wannan makon. Wannan al'ada ta cire tamostat ta ci injuna da yawa, kuma abubuwa biyun da kake gani duk daga cirewar suka fito.

Tamostat ɗin irin wannan inji baki biyu gare shi. Babban bakin yana buɗe hanyar lagireto. A bayansa akwai ƙaramin faifai da ke toshe wata gajeriyar hanya, wadda ruwa ke bi ya zagaye cikin inji kawai lokacin da yake da sanyi, don ya yi saurin ɗumi. In inji ya yi zafi, babban baki ya buɗe, faifan ya rufe gajeriyar hanya, sai duk ruwan ya bi ta lagireto. Da aka cire tamostat, gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe. Wani kaso na ruwan zafi yana komawa inji bai ga lagireto ba. Da asuba, ba kaya, iska na da sanyi, abin da ya bi lagireto ya isa ya hana inji ɗumi. Da rana a kan hawa, lokacin da ake bukatar lagireto gaba ɗayansa, sai a samu rabin aiki. Kan 1KZ kuwa na alminiyam ne, kuma an san shi da tsagewa in ya sha zafi.

Sanyin asubar ma ba alheri ba ne. Injin da ke tafiya ƙasa da digiri 70 ba ya ƙone mai da kyau, danshi da ɗanyen mai suna sauka cikin baƙin mai su tsinka shi, ringi da silinda suna cin juna. In inji mai kwamfuta ne, tana ganin har yanzu bai ɗumama ba, ba za ta koma lissafin man da ya dace ba. Kuɗin ya fita ta gidan mai yau, ya fita ta gyaran inji gobe.

Tamostat ba ya sa inji zafi sai in ya maƙale. Da ya gama buɗewa aikinsa ya ƙare, sauran na lagireto ne da fanka. In mota tana zafi da tamostat mai lafiya a ciki, ciwon yana wani wuri, cire shi ɓoye ciwon ne na ɗan lokaci.

In za ka saya a Magazin ɗin Suame, unguwar makanikai da kayan mota ta Kumasi, ka nemi mai faifan baya, ba mai baki ɗaya da ya yi kama da shi ba. Ana buga lambar zafin a jikinsa, a wannan inji galibi 82 ne. Gwada shi kafin a ɗaura: rataye shi da waya cikin tukunyar ruwa yadda ba zai taɓa gindinta ba, a sa wuta, a riƙa aunawa. Ya fara buɗewa kusa da lambarsa, kafin ruwa ya tafasa ya buɗe kusan milimita 8 zuwa 10, in ya huce ya rufe ruf. Wajen ɗaurawa, ɗan ƙaramin fil mai girgiza da ke gefen faifan gaba ya kalli sama, ta nan iska ke fita. A sa sabuwar roba. Bayan an zuba ruwa, a tsayar da mota hancinta na kallon tudu, a buɗe hita zuwa ƙarshen zafi, a bar inji na sulo murfi a buɗe har kumfar iska ta daina fitowa, a cika, a rufe. Washegari da safe kafin a tayar, a sake dubawa.

Salamu alaikum. Pajero ce gare ni mai injin 2.8. Direbana ya ce a hanyar Tamale lafiya lau take, amma da mun shiga cunkoson Kejetia ko shataletalen Suame da AC a kunne sai allura ta fara hawa. An ba mu shawarar a ɗaure fanka ta riƙa juyawa kai tsaye. Daga wata Hajiya 'yar kasuwa a Yalwa.

Hajiya, direbanki ya kawo rabin amsar. Motar da ke zafi a tsaye ta huce in ta samu hanya, iska ce ba ta isar ta. A guje, iskar hanya ce ke ratsa lagireto. A cunkoso, fanka kaɗai ke wannan aiki, ga kwandensar AC a gaba tana zuba nata zafin.

A fara da kulocin fanka, wannan dunƙulen alminiyam da fukafukan ke ɗaure a jikinsa. A cikinsa akwai mai mai kauri na silikon, a gabansa kuma akwai ɗan nannaɗaɗɗen ƙarfe da ke jin zafin iskar da ta fito daga lagireto. In iskar ta yi zafi sai ya buɗe wa man hanya, fanka ta kama sosai. Mai lafiya, da safe in an tayar da mota fanka za ta yi ruri na ɗan lokaci sannan ta yi shiru. In inji ya yi zafi ƙwarai rurin zai dawo. In allura na hawa amma ba a jin wannan ruri ko an taka totur, kulocin ya mutu. A kashe inji yana da zafi, a juya fankar da hannu: ta yi nauyi, kada ta yi ta juyawa sakaka. Baƙin maiƙo da ƙura a fuskar kulocin alama ce man ya tsiyaye. Masu sukurori ana buɗe su a ƙara man silikon, wanda ake sayarwa a ƙananan tub. Kada a cika maƙil, zai kama dindindin. Wanda kuma yake girgiza gefe da gefe, boris ɗinsa ya tafi, sai sabo.

Ɗaure fanka kai tsaye dabarar fita daga daji ce. A matsayin gyara na dindindin ba mu yarda da ita ba. Za ta ci mai, ta cika kunne da ƙara, ta gajiyar da bel da boris ɗin da take juyawa a kai, kuma tsofaffin fukafukan roba sukan karye a babban juyi su huda lagireto. In aka shiga ruwa mai zurfi da damina, fankar da ba ta iya zamewa takan lanƙwasa gaba ta yanki lagireton.

Sauran abubuwan dubawa ba su da tsada. Robar da ta kewaye fanka tana nan? Makanikai sukan cire ta don ta tare musu hannu, ba su mayar ba, alhali in babu ita fanka na jan iska ne daga gefe maimakon ta cikin lagireto. Fankar wuta ta gaban kwandensa tana tashi da AC, kuma tana tura iska zuwa wajen inji? In an juya wayoyinta baya take hurawa. Sannan a leƙa tsakanin kwandensa da lagireto. Jar ƙasar hanyoyinmu da ciyawa suna taruwa a nan su daskare, daga waje ba a gani. A haska tocila daga bayan lagireto, inda haske bai ratso ba a toshe yake. A wanke daga wajen inji zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, domin matsin injin wankin mota yana kwantar da siraran fukafukan lagireto.

Da a ce akasin haka ne, wato lafiya a cunkoso amma zafi a guje, da cikin lagireto za mu fara zarga, sai fukafukan famfon ruwa da tsatsa ta cinye, sai tiyon ƙasa da ke tsukewa in an taka totur. Lagireton tagulla ana cire tankinsa a tsokace bututun ɗaya bayan ɗaya, kuma a Suame akwai masu wannan aiki. Na alminiyam mai tankin roba da ya koma ruwan ƙasa, canzawa ya fi.

Ruwan rijiyar burtsatse nake zubawa a Nissan Patrol ɗina shekara da shekaru. Tunda ba ma ƙanƙara a nan, meye amfanin kulant? Daga mai karatu a Sabon Zango.

Malam, gaskiya ne ba ma ƙanƙara, kuma ruwa zalla ya fi kulant ɗaukar zafi. Abin da kake saye a cikin galan ɗin maganin tsatsa ne da ƙarin tazara kafin tafasa. Cikin inji akwai ƙarfe da alminiyam da tagulla a cikin ruwa ɗaya mai zafi, in babu magani sai su yi ta cin juna. Ruwan rijiya kuma yana ɗauke da ma'adinai da ke daskarewa a bututun lagireto da cikin kan inji, ya zama ɓawon da ke hana zafi ratsowa.

Irin waɗannan motoci suna cin lita 10 zuwa 14. Mu ɗauka taka 12 ce. Lita 4 na kulant mai kauri da lita 8 na tataccen ruwa, wato kashi ɗaya cikin uku, ya wadatar a yanayinmu. Ƙasa da haka maganin tsatsar ya yi rauni. Rabi da rabi ma daidai ne, amma kada a wuce shi, zafi zai ƙaru. Karanta jikin galan: wani an riga an gauraya shi, ba a ƙara masa ruwa. Launi ba shaida ba ne, akwai ruwan kala a kasuwa, ka nemi wanda aka rubuta yana da gilaikol, kuma kada ka haɗa iri biyu. Tataccen ruwan da ake ƙara wa batir shi ne ya fi, amma ka tabbatar ba mai asid aka miƙo maka ba. A hanya in ta ɓaci, ruwan leda ya fi barin inji ba ruwa.

Kafin ka zuba, a wanke. A buɗe magudanar lagireto da ta jikin inji, a cika da ruwa mai tsabta, a bar inji ya yi zafi hita a buɗe, a bari ya huce, a zubar, a maimaita har ruwan ya fito garau. Ka shirya ganin yoyo bayan wankin, don a motar da ta daɗe da ruwa zalla tsatsa ce ke toshe wasu ramukan, musamman a zagayayyun murafan ƙarfe na jikin inji. Gara su fito a gareji. Ƙwai da garin barkono da ake zubawa don tsayar da yoyo, bututun lagireto da na hita suke toshewa. A canza kulant irin na da duk shekara biyu. Tsohon kuma kada a bar shi a roba a tsakar gida, yana da zaƙi kuma guba ne ga yara da awaki.

Ka canza murfi a rana ɗaya, mai lamba irin ta asali. Sa mai 1.3 a inda aka tsara 0.9 ba ya rage zafi ko digiri ɗaya, tsohon lagireto da tiyo kawai zai fasa. Murfi bawul biyu gare shi: babba yana sakin ruwa zuwa robar gefe, wato 'yar robar ajiye ruwa da ke kusa da lagireto, in matsi ya yi yawa, ƙarami yana tsotso shi in inji ya huce. In da safe ka tarar tiyon sama ya lotse, ko robar gefe na cika ba ta raguwa, ƙaramin ne ya maƙale.

Da na kunna fitilun gaba sai allurar zafi ta ɗaga, in na kashe ta sauko. Hilux ce tsohuwa. Daga wani direba a Alabar.

Ba ruwa ba ne, wuta ce. Ruwa ba ya canza zafi cikin daƙiƙa guda. Wayar as, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, wadda ta haɗa inji da jikin mota da batir, ta yi tsatsa ko ta saki, ko kuma ta bayan dashbod. A kwance su, a goge har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tam. A duba kuma 'yar wayar da ke kan sansar agogo, mai waya ɗaya, ko ta goge tana taɓa ƙarfe.

Ina tuƙa Defender 300Tdi. Bayan Kintampo allura ta hau kusa da ja, can sai ta sauko da kanta har ƙasa da tsakiya, na ci gaba da tafiya. Yanzu motar na tura ruwa waje ta robar gefe. Daga wani direba a Moshi Zango.

Ɗan'uwa, saukowar nan ita ce mummunar alamar. Sansa tana karanta zafi ne in tana cikin ruwa. Da ruwa ya zube ya bar ta a sarari, sai allura ta faɗi alhali ƙarfe na gasuwa. Wannan inji tamostat ɗinsa 88 ne, lafiyarsa wajen 88 zuwa 93, kuma famfon ruwansa yana sama a jikin inji, don haka ruwa kaɗan in ya ragu famfon ya fara juya iska. Kansa kuma alminiyam ne.

Abin da ka bayyana ya yi kama da gaskit ɗin kan inji, ko kan kansa, amma a gwada kafin a kwance. Da safe inji na da sanyi, a tayar, a matsa tiyon sama. In ya yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu tun ruwa bai ɗumama ba, hayaƙin silinda ne ke shiga ruwa. Kumfa da ba ta yankewa a cikin robar gefe ita ma haka take nufi. Akwai shuɗin ruwan gwaji da ake ɗorawa a bakin robar, yana komawa kore ko rawaya in akwai hayaƙi. Kada ka ce tunda baƙin mai bai yi fari ba gaskit na nan, sau da yawa yakan ƙone tsakanin silinda da hanyar ruwa bai taɓa hanyar mai ba.

In an cire kan, a auna shi da miƙaƙƙen ƙarfe da ma'aunin tazara, a kuma yi masa gwajin matsi don gano tsagewa. Gaskit ɗin wannan inji kaurinsa iri-iri ne, ana gane shi da yawan hudojin da ke gefensa, a sa daidai da wanda aka cire ko a auna fitowar fistin. Notocin kan ana ɗaure su bi da bi da sifana mai ma'auni, sannan a ƙara juyi bisa kusurwar da littafin injin ya faɗa, ba da ƙarfin damtse ba. Sannan a nemo inda ruwan ya fara zuba, in ba haka ba sabon gaskit zai bi tsohon. A wannan inji wuraren da aka saba su ne gaskit ɗin da ke bayan gidan famfon ruwa, toshe-toshen roba guda biyu da ke saman lagireto da saman gidan tamostat, waɗanda ke ruɓewa da tsufa, a maye su da na tagulla, sai baƙar robar gefe da ke tsagewa a ɗinkinta. Ta waɗannan toshe biyu ake cika ruwa don iska ta fita. Ka sa a ɗaura maka ƙararrawar ƙarancin ruwa, ita ce ke kama abin da agogo ba ya gani.

Nan gaba in allura ta hau, kashe AC, buɗe hita har ƙarshe in tana aiki, ka sauka gefe. In hita na busa sanyi alhali allura na sama ko ta faɗi ba dalili, ruwa ya ƙare, kashe inji nan take. Haka in bel ya tsinke ko ruwa na kwarara a ƙasa. In kuwa ruwa na nan, bel na nan, bar shi yana juyawa ɗan sama da sulo na 'yan mintuna, saboda kashe shi farat ɗaya yana tsayar da famfo zafi ya taru a kan inji. Kada a taɓa murfi sai bayan aƙalla rabin sa'a, tiyon sama ya yi laushi, a ɗora tsumma mai kauri a murɗa kaɗan matsi ya fita tukuna. Kada a watsa wa kan inji ruwan sanyi. Ruwan da za a ƙara a zuba shi sannu a hankali, inji na sulo.